Tawadar Allah a Tafin Ƙafar Alhaji

Na gode wa Allah da ya kawo ciwo ya kuma kawo sauƙi, ya bar mini mijina da ƙafafunsa biyu. Da gangan na ambaci ƙafafun, domin a gidan sunan da na je makon jiya na ji wata tana ba da labari, ba ta san ni ce matar ba, wai an guntule wa Alhaji Ɗanlami mai kifi ƙafa tun daga gwiwa an kai ta Yawunde a cikin kwali. Na bar ta ta gama, har salati na taya ta. Da na dawo gida na ce gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru, ko wani ya amfana, masu ƙarin gishiri kuma su huta.

Sunana Rabi. A nan Garwa aka haife ni, haka ma Alhaji. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Najeriya, gari ya yi musu suka zauna. Na yi boko har na gama firamare, saboda haka ina jin Faransanci daidai na shiga asibiti da ofis. Alhaji kuwa allo ya yi. Fulatanci a bakinsa kamar Bafulatani, amma Faransancinsa bai wuce "wi" da "mersi" ba, kuma ba ya yarda a gane. Sana'arsa kifi banda: ya je Lagdo ya saro a bakin ruwa, ya tsaya a kan masu banda har su gama, ya loda a mota ya kawo kasuwa.

Kirci kuwa da shi na aure shi. Bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, wuya, ƙwauri har zuwa idon sawu, fata ta bushe ta yi kaushi ta yi ɓawo, in zafin Garwa ya taso gumi ya shige ta sai ta tsattsage tana ruwa. Hayaƙin banda kuma kamar an zuba mata barkono. Alhaji ya yi susa da farce, ya yi da totuwar masara, ya yi da gefen ƙofar ɗakina har fentin wurin ya goge. Cokalina na miya guda na haƙura na bar masa, na ɗaura masa jan zare don kada ya sake komawa tukunya. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin ciwo. Halinsa ne kawai, kamar yadda wani yake da minshari.

Ni ce mai shafa masa mai kullum da safe in ya fito wanka. Man kaɗanya, man shanu, duk abin da aka ce a gwada. Shi ya sa na fi shi sanin jikinsa, don akwai wuraren da tumbi ya daɗe da raba shi da ganinsu. Ɗaya daga ciki shi ne tafin ƙafarsa ta hagu, kusa da dunduniya, inda yake da tawadar Allah, ɗan ɗigo baƙi kamar ƙwayar dawa.

Ɗigon nan yana da daraja a gidansu. Mahaifiyarsa, Dada, wadda take zaune tare da mu, ta ce ranar da aka haife shi unguwarzoma ta ɗaga ƙafar ta duba ta ce wannan yaro arziki zai riƙa takawa. Tun daga nan duk ribar da ya ci a kifi, ɗigon ne. Ranar da zai tafi Makka ma, ƙafar Dada ta fara shafawa kafin ta shafa kansa.

A shekarar da aka zabge wa ma'aikata albashi, kasuwa ta mutu, mutane suka koma sayen kan kifi maimakon kifi, a shekarar na lura ɗigon ya tashi daga dawa ya koma wake. Bayan 'yan watanni ya kai gyaɗa. Da can zagayayye ne sumul, yanzu bakinsa ya karkace, nan ya shiga can ya fita, kamar taswirar da muke zanawa a makaranta. Launinsa ma ya rabu, wani gefe baƙi ƙirin, wani ja-ja, tsakiya toka-toka.

Na ce, "Alhaji, tawadar nan taka girma take yi fa."

Ya ce, "Masha Allahu. Ke ba ki ga yadda gari yake ba? Arziki ne ke taruwa, gaba ɗaya zai zo."

"Ta canza kama."

"Rabi, shafa manki ki bar abin da ba ki sani ba."

Na ci gaba da shafa maina. Sai wata safiya na ɗauko takalminsa zan goge na ga jini ya bushe a wurin dunduniya. Na kai masa har inda yake karyawa.

Ya leƙa ya ce, "Kircin ne ya gangara."

Na ce, "Shekara ashirin ina shafa maka mai, kirci bai taɓa sauka tafin ƙafarka ba."

"To yanzu ya sauka. Izininki zai nema?"

Daga ranar gidanmu ya zama asibiti. Yayansa, Yaya Mamuda, mai fataucin yadi tsakanin Garwa da Yawunde, mutum ne da babu ciwon da bai san maganinsa ba, har wanda bai taɓa ji ba. Ya kawo sassaƙen maɗaci ya ce a jiƙa a sha a kuma tsoma ƙafa. Alhaji ya sha sau ɗaya, ya yi ta tofar da yawu har la'asar. Maƙwabciyata ta ce toka da manja. Wanzaminsu ya zo aski, ya ga wurin, ya ce shi da ƙaho ɗaya zai zuƙe mugun jinin. Dada ta kore shi da sandarta, ta ce ba mai taɓa mata arzikin ɗa sai da tofi. Yau ina gode mata a kan wannan kora, ko da yake ba don dalilina ta yi ba.

Abin da ya kai mu asibiti ba ɗigon ba ne. Laifina ne, kuma ban yi nadama ba. Wata mai sayar da kayan shafa a kasuwa ta ba ni wani mai a ɗan bututu, ta ce na ƙaiƙayi ne. Na shafa masa a ƙwauri, kwana uku susa ta tsaya cik. Alhaji ya yi ta sa mini albarka, har atamfa ya sayo mini. Muka ci gaba da shafawa wata biyu. Ashe irin man nan ne da mata ke yin fari da shi. Ƙwaurin Alhaji ya yi fari sol kamar na jariri, fatar ta yi laushi har jijiyoyi ake gani, sama kuma yana nan baƙi yadda Allah ya yi shi. Wando yana rufewa, ba mu damu ba. Sai ranar da ya je Lagdo, kwalekwale ya kasa matsowa gaɓa, ya naɗe wando har gwiwa ya shiga ruwa a gaban masunta da mata masu banda.

Wani ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, ashe kai ma kana shafa man amare? Saura fuska!"

Kafin motarsa ta iso Garwa labari ya riga shi zuwa kasuwa. Ya shigo gida ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Gobe ki kai ni wurin likitan fata."

Ba gobe aka gan ta ba. Likitar fata sau biyu a wata take zuwa asibitin, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Muka sayi karne, wato ɗan littafin da ake rubuta wa mara lafiya bayani, muka jira kwana tara. Ran nan muna idar da sallar asuba muka hau babur, muka tarar da layi har ya zagaye bishiya. A kan benci muka wuni muna kallon hoton shugaban ƙasa, wanda tun ina amarya yake nan a bango, gilashin kawai ake gogewa. Fanka ba ta aiki. Malamin da ke kiran suna ya kira 'yan uwansa, ya kira 'yan uwan matarsa, sannan ya tuna da mu.

Kusa da mu akwai wani tsoho manomi daga Mokolo, 'yarsa ta kawo shi, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma, ƙuda na bi. Mutum ne mai barkwanci. Suka kama hira da Alhaji da Fulatanci, ya ce shi bai taɓa sa takalmi ba sai ranar aurensa, shi ma ya matse shi ya cire. Alhaji ya tambaye shi me ya sami ƙafar.

Ya ce, "Ɗan baƙin ɗigo ne. Damina uku ke nan. Na ce ƙaya ce."

Ya warware tsumman don ya kori ƙuda. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. A hankali Alhaji ya ja ƙafarsa ta hagu ya tura ƙarƙashin benci.

Sai bayan azahar muka shiga. Likitar 'yar kudu ce, gajeriya, da tabarau a kan hanci, ba ta ɓata lokaci. Ta ga ƙwaurin Alhaji ta dube ni ta kan tabarau ta ce wa ya ba shi wannan man. Na ce ni ce. Ta wanke ni tas da Faransanci, Alhaji yana gyaɗa kai yana "wi, wi", yana jin daɗi ko da bai san me ake cewa ba. Ta ce irin wannan man magani ne mai ƙarfi, likita ke ba da shi na 'yan kwanaki, ba a shafa shi wata da watanni. Ta rubuta wani, ta hana shi sabulu mai ƙamshi da wanka da ruwan zafi, ta miƙo karne. Alhaji har ya miƙe.

Na ce, "Madam, don Allah ki duba tafin ƙafarsa."

Ya gane kalmar ƙafa don na nuna da hannu. Ya harare ni ya ce da Hausa, "Wannan ba ya cikin abin da ya kawo mu."

Amma ta riga ta nuna masa gado. Ta ɗaga ƙafar, ta jawo fitila, ta ɗauko wani gilashi ta kara a ido. Ta duba ɗigon da kyau. Ta tambaye ni tun yaushe, da can yaya yake, ya taɓa jini? Na faɗa mata dawa, wake, gyaɗa. Ta ce ba za ta bari ya fita da abin nan ba. Yau za ta yanke shi a kai Yawunde a auna, don in ta tafi sai bayan mako biyu. Ta juya ga Alhaji ta tambaye shi ko ya yarda.

Kafin in buɗe baki in fassara ya ce, "Wi, Madam. Mersi."

Na ce, "Alhaji, ka san abin da ka yarda da shi? Yanke tawadar za ta yi, yanzu."

Ya dube ni, ya dubi matar, ya dubi ƙofa. In ya janye maganarsa, ya nuna ke nan bai ji Faransanci ba. Ya ce, "Na ji ai. Ke kika ɗauka ban ji ba." Daga baya ya gaya mini ba girman kai kaɗai ba ne, ƙafar tsohon Mokolo ce ta tsaya masa a ido.

Aka aike ni farmasi na sayo allura, safar hannu, auduga, har zaren ɗinki, domin a lokacin asibiti gado kawai yake ba ka da bango. Ta kashe wurin ta yanke ta ɗinke, Alhaji yana karanta duk surar da ya haddace da wadda bai gama haddacewa ba. Ta saka naman a 'yar kwalba mai ruwan magani, ta rufe ta manna takarda, ta miƙo mini. Ta ce asibiti ba shi da mai kaiwa, mu nemi mai tafiya.

Mai tafiya ɗaya muke da shi, Yaya Mamuda, kuma jibi zai tashi. Da ya ji abin da aka yi sai da ya cire hula ya buga a gwiwa.

"Kun kashe shi! Wa ya ce muku ana sa wa irin wannan ciwo ƙarfe? In daji ne, ƙarfe na taɓa shi ya watsu. Rabi, wannan aikinki ne. Boko ce ta jawo."

Na ce, "Na ji, Yaya. Ga kwalbar."

"Wace kwalba?"

"Ta naman ƙaninka. Kai za ka kai."

Ya yi rantsuwa ba zai taɓa ta ba. Dada ta leƙo daga ɗakinta, idonta jawur don tun jiya take kuka an yanke mata arziki, ta ce, "Mamuda, in ka bari bare ya ɗauki naman ɗana ban yafe ba." Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe a hankici ya sa a aljihun gaba.

Labarin tafiyar daga bakinsa muka ji. A hanyar Ngaundare aka tsaya salla, ya rasa yadda zai yi: ya halatta mutum ya yi salla da naman ɗan'uwansa a aljihu? Ya tambayi wani malami a cikin motar, malamin ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan mas'ala ba. Sai ya ajiye kwalbar a gefen sallaya, yana salla yana satar kallonta kada akuya ta ɗauka. Gaba kaɗan jandarma, jami'an tsaron hanya, suka tsare su, aka caje kowa, ɗaya ya zaro kwalbar ya ɗaga ta sama ya girgiza ya ce mene ne wannan.

Yaya ya tattaro Faransancinsa na kasuwa ya ce, "Ƙanena ne."

Jandarman ya dubi kwalba ya dubi Yaya, ya ajiye ta a hankali a kan tebur, ya goge hannu a wando. Ya ce su wuce. Ranar ko na goro ba a karɓa a motarsu ba, direba har ya roƙe shi ya riƙa tafiya da ita kullum.

Mu kuwa a gida jira muke. Mako na farko Alhaji yana ɗingishi yana ba da labarin jarumtarsa ga masu zuwa dubiya. Mako na biyu aka cire zare, wurin ya kame, ya ce to ai magana ta ƙare, a bar takardar Yawunde ta sha zamanta. Mako na uku ya daina cin abinci sosai, ko da yake bai yarda tsoro ba ne, wai gishiri na cika. Kircin kuwa ya tashi gadan-gadan, don likitar ta ce damuwa ma tana tayar da shi. Sai a mako na biyar Yaya ya sake komawa Yawunde ya dawo da ambulan. Ya rantse bai buɗe ba, amma bakin ambulan ɗin da shinkafa aka liƙe shi. Ko ya buɗe ma ba abin da zai gane. Ni kaina da na karanta kalma ɗaya ce ta tsaya mini, kuma ita ce likitar ta faɗa da muka koma: melanom.

Ta ce ciwon daji ne na fata. Wannan karon Alhaji bai ce "wi" ba. Ya taɓo ni ya ce, "Fassara mini duka, kada ki rage komai."

Na fassara. Ya ce in tambaye ta, kircin ne ya rikiɗe ya zama daji? Ta ce a'a, kirci ba ya zama daji, kowanne hanyarsa daban. Amma mai kirci ya saba da ƙaiƙayi, ya saba da jini da tabo, duk abin da ya fito masa sai ya ce kirci ne, shi da mutanen gidansa. Nan haɗarin yake. Ya ce shi ya ɗauka wannan ciwon Turawa ne masu kwanciya a rana. Ta cire tabarau ta ce baƙar fata tana karewa amma ba ta hanawa, kuma mu namu ya fi son inda ba a dubawa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Ta ce yawancin tawadar Allah ba ruwanta da kowa, mutum ya mutu da abarsa. Wadda ake tsoro ita ce mai girma, mai canza launi, mai karkataccen baki, mai jini.

Ta matsa masa matsematsi ta ce ba ta ji kaluluwa ba, wannan alama ce mai kyau. Amma dole a koma a yanke kewayen wurin da faɗi, a ɗebo fata daga wani wuri a jikinsa a rufe ramin.

Da yamma aka yi taron gida a tsakar gida. Yaya ya ce ƙarfe sau ɗaya ya isa, akwai wani mai magani a bayan Tibati da ke cire daji da ganye, a kai shi can. Maƙwabta biyu suka goyi bayansa. Ni an ce in yi shiru, wai ɓarnar da na riga na yi ta isa. Alhaji ya sunkuyar da kai yana susa da cokali. Na ga magana za ta tafi Tibati.

Sai Dada ta buga sanda a ƙasa. Ta ce, "Ni na ɗaure wa ɗigon nan gindi shekara hamsin. Yarinyar nan ta ce yana girma, na ce arziki ne. Na ga jini, na ce arziki ne. Ku bar ni da kunyata. Ɗanlami, abin da za ka taka ka riga ka taka. Ka je su yanke. Ni kai nake so, ba ƙafa ba."

Maganar Tibati ta mutu a nan. Yaya ne ma ya kai mu asibitin a motar abokinsa, yana ta gunaguni har bakin ƙofa.

Ranar aiki sai da likitan fiɗa ya zagaye Alhaji kamar mai sayen rago, yana neman fata mai lafiya da zai ɗiba. Cinya akwai kirci. Hannu akwai kirci. Ƙwauri na lalata da man amare. Inda aka samu wuri sumul, wanda rana ba ta taɓa gani ba kuma cokali bai taɓa kaiwa ba, shi ne mazauninsa. Daga can aka yanko aka liƙa a dunduniya. Da ya farfaɗo na gaya masa, sai ya ce, "Ke nan duk inda na je a zaune nake." Na yi dariya har na yi kuka, nas ta zo ta ce in fita waje.

Kwana goma sha biyu muka yi a kwance. Ba ya iya kwanciya rigingine saboda inda aka ɗiba, ba ya iya takawa saboda inda aka liƙa, sai rub da ciki kamar kada a bakin kogin Binuwai. A haka yake karɓar gaisuwa, a haka yake cinikin kifi da abokan sana'arsa. Ni nake wanke shi, nake juya shi, nake korar masu kawo garin magani a ɓoye cikin kwanon abinci. Awarwarona na aure sun tafi a wannan jinya, ban kuma neme su ba. Ma'aikatan asibitin, akwai wadda in ka kira ta sai ta gama cin gyaɗarta, akwai kuma wani nas Kirista da yake zuwa wanke ciwon ko ba ranar aikinsa ba, albashinsa ma bai fito ba. Allah ya saka masa.

Gadon da ke kusa da namu na tsohon Mokolo ne. Nasa ya riga ya hau har matsematsi, an ce babu abin da wuƙa za ta yi. Bai daina barkwanci ba, shi ya sa wa Alhaji suna Kada. Ranar da 'yarsa ta zo mayar da shi gida, don ya ce a gonarsa yake so ya ƙarasa, ya miƙo wa Alhaji hannu ya ce, "Kai matarka tana duba ƙafarka. Tawa ta rasu da daɗewa." Ba a yi wata biyu ba muka ji rasuwarsa. Har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Takardar Yawunde ta biyu ta ce an kwashe duka, gefen naman babu ciwo. Wata uku Alhaji yana dogara sanda, sannan wani baduku ya ɗinka masa takalmi mai soso a dunduniya. Muna komawa awo duk wata uku, daga baya duk wata shida, yanzu shekara-shekara. Kircin yana nan, shi ba ya barin mutum, amma da man da likita ta rubuta da man kaɗanya ya lafa, ƙwauri ma ya dawo launinsa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. In kana da kirci, ko kana jinyar mai shi, kada ka jingina masa duk abin da ya fito a jiki. Tawadar da ka sani tun kana yaro, in ta fara sauya kama, ba wanzami ba, ba ganye ba, ba jira ba. Kuma kada a sayi man shafawa a hannun mai kayan kwalliya, wannan ni na gwada muku.

Saura matsala ɗaya da jinyar ta bar mana. Alhaji ya zama likitan ƙafa. In ya je masallaci da wuri sai ya zauna kusa da famfon alwala yana leƙen dunduniyar mutane. Dattawan unguwa yanzu a gida suke alwala saboda shi. Wata Juma'a liman ya ɗaga ƙafa zai wanke, Alhaji ya hango baƙin abu, ya yi wuf ya cafke idon sawun bawan Allah a gaban jama'a, saura kaɗan ya kifa shi cikin kwata. Aka taru. Aka kankare da farce. Kwalta ce ya taka a bakin titi.

Na ce masa, "Alhaji, za ka ja a hana ka shiga masallaci."

Ya ce, "Su hana. Mutum biyu na tura asibiti a bana, ɗaya an yanke masa."

Na ƙyale shi. Kai ma da ka karanta, cire takalminka ka duba. In tumbi ya tare, ka miƙa wa matarka ƙafar, kuma in ta yi magana ka saurara.